Kati babu allura: ejan ya ce a kawo fasfo da kuɗi kawai

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu sani don Allah ku taimaka. Innarmu za ta tafi Umara cikin azumin nan in Allah Ya yarda, ita da ƙanwata. Shekararta 67, tana da ciwon suga, tana allurar insulin safe da dare, ga hawan jini amma ya kwanta da magani. Ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, ko Ƙonni ba ta taɓa leƙawa ba. Jiya na je wurin ejan da ke yi mana biza na tambaye shi maganar rigakafi, sai ya ce kar in wahalar da tsohuwa, in kawo fasfo da ɗan abin da za a ƙara, shi zai kawo kati da hatimi da komai, ba sai an tsira mata allura ba. Wai haka yake yi wa kowa. Ni dai raina bai kwanta ba. Ita kuwa Inna da ta ji sai ta ce Allah Ya yi wa yaron nan albarka, don tsoron allura take kamar me, duk da kullum tana yi wa kanta (ta ce waccan sun saba). Akwai matsala in an karɓi katin haka nan? Kuma me ya kamata mu tanada? Saura sati biyar.

Bello_Illela:
Wa alaikumus salam. Malam karɓi katinka ka huta. Ni shekara nawa ina ƙetara iyaka, Ƙonni, Yamai, Kwatano, har Lome, ba wanda ya taɓa ce mini ɗaga riga mu ga tabo. Takarda suke nema.

Maman_Khalil:
Ɗan_Mabera, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina roƙonka kar ka bi shawarar Malam Bello. Gaskiya ne jami'i takarda yake dubawa, amma ciwo ba ya karatu. Abubuwa uku Saudiyya ta rubuta a ƙa'idarta ga mai zuwa daga Najeriya: rigakafin sanƙarau mai kare nau'i huɗu (A, C, W da Y), rigakafin zazzaɓin shawara wanda shi ne asalin katin nan ruwan ɗorawa da ake cewa yalo kad, sai na shan inna. Na sanƙarau da na shawara duka sai sun kwana 10 a jiki kafin a lissafa su, don jiki sai ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa garkuwa. Sati biyar ya ishe ku har da rara, muddin ba ku zauna jiran makon tafiya ba.

Wanda ya fi damuna game da Inna shi ne na sanƙarau. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutum lafiyayye bai ma sani ba, sai tari ko numfashi a cunkoso ya kai ta ga wani. To ka auna ɗawafi a goman ƙarshe, ka auna ɗakin otal mai gado biyar ko shida.

Alhaji_Kanwuri:
Wagga magana ta Hajiya gaskiya ta. Ku yara ba ku ga sanƙarau na 1996 ba. Mu munka gani. Gida guda sai a hidda gawa biyu rana guda, waɗanda sunka tashi kuma wani kurma, wani ƙwaƙwalwa ta taɓu. Shekarag ga ma hana mu zuwa Hajji anka yi saboda shi. In ɗan ejan ga na son ya taimaki tsohuwa, shi ɗauke ta ga mota shi kai ta a yi mata, ba shi biɗo hatimi ba.

Ɗan_Mabera:
Na gode Baba Alhaji. Maman_Khalil, amma na tuna an taɓa bi unguwa-unguwa ana yin ta sanƙarau shekarun baya, wataƙila ma an yi mata. Wannan bai wadatar ba?

Maman_Khalil:
Da wuya. Wadda aka fara bi ana yi a Arewa tun 2011 ta nau'in A ce kaɗai, kuma yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 30 aka yi wa, Inna ba ta ciki. Ta yi aiki ƙwarai, A ɗin ya kusa ɓacewa. Amma ka tuna abin da ya faru a 2017, wanda ya taso daga Zamfara ya shigo mana nan Sakkwato? Nau'in C ne, shi ya sa waccan allurar ba ta tare shi ba. Ita ma Saudiyya ba haka kawai ta ce sai mai huɗu ba. A Hajjin 2000 da 2001 nau'in W ya ɓarke tsakanin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu har ya kama iyalan da ba su je ko'ina ba. Daga nan aka tsananta. Sannan allurar tana da wa'adi: akwai mai shekara 3, akwai mai shekara 5, ya danganta da irin wadda aka yi.

Abu_Jabir77:
Ni fa bara na yi Umara, daga Kano muka tashi, wallahi ba wanda ya tambaye ni katin sanƙarau har na dawo. Digon shan inna kawai na san an taɓa yi mana a filin jirgi lokacin Hajji, gandan-gandan da mu muka buɗe baki kamar 'yan goye.

Maman_Khalil:
Ban ƙaryata ka ba Abu_Jabir. Tsananin binciken yana hawa yana sauka, wata shekara a matsa, wata a sassauta, musamman a Umara. Shi ya sa ake cewa a tambayi kamfanin jirgi kafin tafiya. Amma ko an duba ko ba a duba ba, cunkoson yana nan.

Bello_Illela:
To ni tambayata, wane sauro ne zai ciji Inna a Makka har ta kamu da shawara? Can akwai shawara ne?

Likitan_Arkilla:
Tambayarka tana kan hanya Malam Bello, kuma amsarta ita ce inda mutane da yawa ba su gane ba. Babu zazzaɓin shawara a Saudiyya. Ba don su kare Inna daga nasu suke neman katin ba, don su kare kansu daga namu ne. Sauron da ke ɗaukar cutar, mai zanen fari a ƙafa wanda ke cizo da rana, akwai shi a Jidda da Makka, shi ne ma ke yaɗa musu zazzaɓin dengi. In wani ya shiga da ƙwayar a jininsa, sauron can ya cije shi ya ciji wani, shi ke nan an kai musu. Mu kuwa muna da ita: ta dawo Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, a 2019 kuma ta kama mutanen da suka je yawon buɗe ido Yankari a Bauchi. Saboda haka allurar tana amfanin mutum a nan gida fiye da can.

Sai dai Ɗan_Mabera, a nan zan ɗan ja birki. Allurar shawara ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba, yiwuwar ta ba shi matsala mai tsanani ta fi ta matashi, duk da abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba sam, ba a yi wa wanda garkuwar jikinsa ta faɗi ko mai shan maganin daji, haka wanda ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, mai ciki ma sai an auna. Ciwon suga shi kaɗai ba ya hanawa. Don haka ka kai ta wurin likitan da ke duba ta, ya ga yanayinta. In ya ga ta cancanta a yi, sau ɗaya ne har ƙarshen rai, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke maganar sabuntawa duk shekara 10. In kuma ya ga bai dace ba, akwai takardar uzuri da likita ke rubutawa a buga mata hatimi a hukumance. Ka ga akwai halastacciyar hanya ko ga wanda ba za a yi wa ba.

Ɗan_Mabera:
Allah Ya saka da alheri Dakta. Wannan na uzurin ban taɓa ji ba. A ina ake samun katin na gaskiya?

Zarah_Gawon_Nama:
Ofishin lafiya na mashigin ƙasa, wanda ake cewa Fot Helt, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Suna filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa da bakin iyaka. Tun 2019 aka sauya katin, yanzu sai ka cike bayananka da lambar fasfo a intanet, ka biya, ka kai shaidar biya, su yi maka allurar su ba ka kati mai lambar da ake haskawa da waya. Ka leƙa filin jirgin Sultan Abubakar III ka tambaye su ranar da suke yi. Ka je da safe, don kwalbar ta mutane da yawa ce, in an haɗa ta awa shida kawai take yi a zubar, shi ya sa wani lokaci sai sun tara mutane kafin su fasa.

Ummu_Sultan:
Bari in ba ku nawa labarin, ko Malam Bello zai sauko. Shekarun baya na raka Babanmu Indiya aikin ƙoda. Ni da shi mun yi allurarmu yadda ya kamata. A jirgi muka haɗu da wata baiwar Allah, ita ma mijinta ta kawo, tun daga Adis Ababa muke hira har ta ba ni dambun nama. Da muka sauka, wajen teburin lafiya jami'in ya riƙe katinta yana juyawa, ya kira wani, suka yi ta yarensu. Ashe ranar da aka rubuta mata ta allura kwana huɗu ne kafin tafiya, wanda ya sayar mata ko lissafin kwana goman bai yi ba. Indiya ba sa wasa da wannan, killace mutum suke yi har kwana 6, iya kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana. Ina gani aka tafi da ita tana kuka, mijin na kan keken marasa lafiya riƙe da ledar takardunsa, ba ya jin Turanci, ba ya jin komai. Mu muka tura shi har wajen direban asibitin da ya zo ɗaukarsa. Har yau in na tuna yadda yake waiwaye sai jikina ya yi sanyi.

Bello_Illela:
Wannan ai ejan ɗinta ne bai iya aiki ba, hhh. Wasa nake Hajiya. Allah Ya kyauta. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, wani lokaci mutum zai je a ce babu allura, ka dawo jibi, jibi a ce mai hatimi bai zo ba. Ni an taɓa yi mini haka sau uku a wani wuri, ga kaya na jirana a Kwatano. Wa zai zauna?

Zarah_Gawon_Nama:
Wannan kam akwai shi, ba a musu. Shi ya sa ba a barin abin sai tafiya ta matso. Kai da kake kan hanya kullum ai kai ka fi kowa riba, sau ɗaya za ka sha wahalar.

Malam_Gidan_Igwai:
Ni ba likita ba ne, ɓangarena daban. Mutum zai tafi ɗakin Allah neman gafara, sai ya fara tafiyar da takardar da ke cewa an yi abin da ba a yi ba? Sunan wannan shaidar zur, ko da hatimin gwamnati a kai. Masu cewa ai komai ƙaddara ne kuma, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'a. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ɗan_Mabera, ka faɗa wa Inna haka cikin ladabi, tsofaffi sun fi jin wannan a kan bayanin ƙwayoyin cuta.

Sarkin_Kara:
Ku ƙyale maganar allura haka nan. Ni abin da nika son in sani, mi ad damuwa ga nonon raƙumi? Duk wanda yat tahi sai an ce mai kak ka sha. Mu nan Kara da raƙuma munka tashi, namansu muka ci, ba mu ga komi ba.

Likitan_Arkilla:
Sarkin_Kara, akwai wata cutar numfashi da aka gano a Saudiyya a 2012, 'yar uwar korona ce, ana kiranta MERS, daga raƙuma take tsallakowa. Ba ta yaɗuwa da sauri kamar korona amma ta fi ta kisa, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su tashi ba, kuma masu suga da ciwon ƙoda da tsofaffi ta fi kayarwa. Nama dafaffe ba shi da laifi. Ɗanyen nono da ake tatsa a miƙo maka da kumfarsa a bakin hanya, da shafa raƙumi ana ɗaukar hoto, su ake cewa a bari. Ɗanyen nono kowane iri ma, na saniya ko na akuya, yana ɗauke da wani zazzaɓin mai naci da ciwon gaɓoɓi. A tafasa kawai.

Sarkin_Kara:
In an tafasa ai albarkar ta tahi, Dakta.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Kai Sarkin_Kara ka cika gardama. Mu koma kan Inna. Ɗana, ni ma ina da suga shekara goma sha ɗaya, na yi Hajji na yi Umara biyu da shi, saurara in gaya maka abin da ba ya cikin kati.

Insulin kar a kuskura a sa shi a babbar jaka da ake aunawa. Cikin jirgi can ƙasa sanyi na iya daskarar da shi, in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, sannan jaka tana iya ɓata ta kwana uku ba ta iso ba. A jakar hannu, cikin ɗan ƙaramin kula, da takardar likita da Turanci mai sunan kowane magani, don masu bincike za su ga allurai. A ɗauki ninkin abin da take buƙata, a raba biyu, rabi wurinta rabi wurin ƙanwarka. Kuna isa ɗaki a sa wanda ba a fasa ba a firij, ba wajen ƙanƙara ba. Na'urar gwajin suga da tsinkayenta su ma a hannu.

Sai ƙafa. Wannan shi ne abin da ya kusa kai ni ƙasa. Na fito daga Harami bayan Azahar na nemi takalmina sama ko ƙasa, ban gani ba, na ce otal ɗin ai ga shi can. Farin dutsen cikin masallaci sanyi gare shi ko da rana tsaka, shi ya ruɗe ni. Ina sauka kan kwalta ban ji wani zafin kirki ba, ashe sugan ya rage mini jin tafin ƙafa. Sai da na zo alwalar La'asar na ga fatar ta ɗaɗe ta yi ruwa, faɗin tafin hannu. Sati uku ina zuwa wankin ciwo, sauran ibadata a keke na ƙarasa. Tun daga nan takalmina a 'yar jaka yake a rataye a wuyana, da wani na biyu. Kar a saya mata sabon takalmi ranar tafiya, ta taka wanda ƙafarta ta sani. Kullum da dare ƙanwarka ta haska fitilar waya ta duba tsakanin yatsun.

Safa da Marwa kai da kawowa bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki. Tun yanzu ta fara zagaya unguwa bayan Asuba. In ta gaji kuma a hau keke, ba abin kunya ba ne.

Ɗan_Mabera:
Hajiya Allah Ya ƙara lafiya, na kwafe wannan na tura wa ƙanwata yanzun nan. To azumin fa? Inna ta rantse ba za ta sha ko ɗaya ba a Makka.

Likitan_Arkilla:
Wannan ma a kai wa likitanta tun yanzu, don mai insulin sau biyu ba ya shiga azumi da awon da yake yi a sauran watanni, sai an sauya yawan da lokacin. Abin da zan faɗa a nan: gwada suga da tsinke ba ya karya azumi, ta riƙa gwadawa. In ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ta ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ta sha ruwa nan take ko saura minti goma a kira salla. Dabino ko sukari ya kasance a jakarta koyaushe. Agogon can yana gaban namu da awa 2, a lura da shi ranar tafiya wajen allurar dare. Maganar halascin shan kuwa na bar wa Malam.

Malam_Gidan_Igwai:
Uzuri biyu gare ta, ga tafiya ga ciwo, kowane ɗaya ya isa. Ayar tana cikin Baƙara.

Alhaji_Kanwuri:
Kuma ku bar ganin mu 'yan Sakkwato muna, mun saba da rana. Nan in rana ta take kana ƙarƙashin darbejiya kana hira. Can tahiya kaka yi cikinta, ga mutane ko'ina, ga duwatsu na maido zahi. Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 sunka rasu, mafi yawa zahi na, ma'auni ya haura 51 ga Makka. Azumi yanzu ya hwaɗo lokacin da sauƙi, amma lema da gorar ruwa kak ku bari. Sannan sanyin na'urar ɗaki da ruwan ƙanƙara, su ka kawo tarin ga da kowa ka dawowa da shi.

Maman_Khalil:
Baba Alhaji, lema da ruwa na yarda. Tarin kuwa yawanci ƙwayar mura ce da ake ɗauka a taro, ba ruwan sanyi ba. Takunkumi a wurin cunkoso da wanke hannu suna ragewa, kuma akwai allurar mura ta shekara-shekara da ake so masu suga da tsofaffi su yi, in an samu.

Alhaji_Kanwuri:
To ɗiyata, na ji. Amma ni dai in na sha mai sanyi sai na yi tari.

Nura_Leeds:
Ni nawa akasin naku ne, tunda maganar tafiya waje ake. Karatu nake a Ingila. Kafin biza an sa ni gwajin tarin fuka da hoton ƙirji a Abuja, dole ne ga duk wanda zai zauna fiye da wata 6. Wannan ba shi ne labarin ba. Bayan shekara biyu na zo gida hutu, na kwana uku a ƙauyenmu wajen Wurno ba gidan sauro, ina cewa mu da maleriya ai tare muka girma. Kwana goma da komawata zazzaɓi ya rufe ni, lokacin sanyi ne, kowa na mura, aka ce in sha farasitamol in kwanta. Kwana na uku da abokin zamana ya ga ina surutai ya kai ni asibiti, sai da ya ce daga Najeriya ya dawo sannan suka ɗebi jini. Ashe 'yar juriyar da muke da ita tana zubewa in mutum ya daɗe ba sauro ya cije shi. Duk wanda zai je ƙasar da ba su da maleriya, in zazzaɓi ya kama shi, kalmar farko da zai gaya wa likita ita ce daga inda ya fito. Wannan ya shafi Inna ma, tana iya tafiya da ita a jini daga nan ta tashi a can.

Ummu_Sultan:
Ƙwarai. A Indiya kuma akasin haka, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, dengi ya yi yawa. An gargaɗe mu kar mu sha asfirin ko ibuprofen in zazzaɓi ya zo, suna iya jawo zubar jini, farasitamol kawai sai an gwada. Ruwa kuma na roba mai hatimi, har wanke baki.

Abu_Jabir77:
Abin da ba wanda ya ambata: magunguna da saƙo. Tiramol da maganin tari mai kodin, abin da wasu ke ɗauka ba komai ba a nan, a Saudiyya da Masar da Dubai ɗauri ne in ba takardar likita. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali, kar a juye a leda. Kuma kowa ya ba ku saƙo a filin jirgi, ko da rawani ya zo, ku ce a'a. Goro ma hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kansa.

Maza masu zuwa kuma, wajen aski bayan Umara, ku shiga shago ku ga an fasa sabuwar reza a gabanku. Masu tsayawa a bakin hanya da aska ɗaya suna bin kawuna, hanyar ciwon hanta ke nan.

Bello_Illela:
Wannan na reza na yarda da shi ɗari bisa ɗari, na ga wanda hanta ta kashe. Dakta, in mutum yana da katin da, wato, ka gane, aka samo haka nan, zai iya zuwa a yi masa ta gaske? Wani abokina ke tambaya.

Zarah_Gawon_Nama:
Abokin nan naka sunansa Bello?

Likitan_Arkilla:
Ka gaya wa abokin ya je, ya faɗa musu gaskiya bai taɓa yi ba. Ba a tuhumar wanda ya kawo dantsensa.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Na manta, ƙanwar taka in tana tunanin shan ƙwayar ɗage al'ada saboda ibada, kar ta karɓa a hannun ƙawa, ta ga likita tun yanzu, ba kowa take karɓa ba. Sannan a jirgi, tafiyar ta kai awa biyar ko fiye in an biya ta wata ƙasa, Inna ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, tana motsa ƙafa a zaune, saboda daskarewar jini. Tsofaffinmu sai su ƙi shan ruwa don kar su shiga bayin jirgi. A nuna mata yadda ake buɗe ƙofar tun farko. A sa 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis a jaka saboda gudawa, amma ita mai suga ta riƙa gwadawa in ta sha.

Ɗan_Mabera:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau da safe na kai Inna wurin likitanta. Maganar Malam ce ta yi aiki, da na ce mata shaidar zur sai ta yi shiru, can ta ce a ɗauko mata mayafi. An yi mata ta sanƙarau, ta rufe ido tana salati, da aka gama ta ce wai har an yi? Ta shawara likitan ya ce sai ya ga sakamakon gwajin jini da na ƙoda ranar Alhamis kafin ya yanke, ko allura ko takardar uzuri. Ƙanwata an yi mata duka. Ejan kuma da na gaya masa sai ya ce to ai shi ke nan, amma kuɗin da na riga na ba shi na kati ya shiga.

Yanzu rigimar da ta rage goro ce. Ta ce allura ta yarda, azumi za a gani, amma kwana ashirin ba goro sai dai a fasa tafiyar.

Alhaji_Kanwuri:
Ka ce mata can ma akwai masu saidawa ga unguwannin Hausawa, tsada dai gare shi. Kak ku ɗauka daga nan.

Maman_Khalil:
Mai hawan jini da goro, Baba Alhaji? Ɗan_Mabera, ranar Alhamis ka haɗa da wannan cikin tambayoyin. Kuma ka duba katin ka gaya mini wace iri aka rubuta, mai shekara 3 ko mai 5.

Bello_Illela:
Zarah, ofishin nan suna buɗewa ranar Asabar?